Hannun Alƙali Ya Gajarce

Alƙali ake ce masa, amma bai taɓa zama a kotu ba. Ranakun aiki yana shagon kayan gini da suka haɗa da yayansa, yana auna ƙusa, yana yanka bututun ruwa, yana gardama da magina a kan kalar fenti. Ƙarshen mako kuwa sai ya zura baƙar riga da gajeren wando, ya rataya usur a wuya, ya tafi hura wasan ƙwallo na ƙungiyoyin unguwa. Tun yana saurayi yake wannan sha'ani, ga shi yanzu ya doshi hamsin. 'Yan kallo sun kira shi makaho sau ba adadi, bai taɓa sa abin a ransa ba, domin ya san idonsa. Daga tsakiyar fili yana gane wanda ya ja rigar wani a bakin raga. A shago ma, mota tana shawo kwanar titi zai gaya wa yayansa ko ta wane magini ce.

Matarsa, wadda yake kira Maman 'Yan Biyu, a kantin magani take aiki, kuma tun tana firamare take saka tabarau. Duk tsawon aurensu bai fasa tsokanarta ba. In ta ajiye tabarau ta shiga wanka, sai ya ɗauke ya ɗora bisa firij, ya koma kujera yana kallonta tana laluben tebur.

"Ci gaba," takan ce. "Naka yana hanya. Ni dai ina da haƙurin jira."

Abin ya fara ne da waya. 'Yan biyunsu suna jami'a, kullum sai sun turo saƙo, shi kuma ya lura sai ya ɗan ja wayar baya kafin rubutun ya zauna. Ya ce wayar ce ta tsufa. Daga nan kwalayen sukuru na shago suka bi sahu: lambar da ke jikinsu ta koma kamar ƙafar tururuwa, sai ya fita bakin ƙofa inda rana take, ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya ƙanƙance ido. Ya ce masu buga kwalaye ne suka fara rowar tawada. Yayansa, wanda tuni yake yawo da tabarau rataye da igiya a ƙirji, ya miƙo masa nasa wata rana.

"Ara ka duba, kada ka ba mutum abin da bai saya ba."

"Haba Yaya, ai ba mu zama ɗaya ba tukuna."

Yayan ya mayar da abinsa ƙirji.

Asirin ya tonu ne a fili. Wasa ne mai zafi tsakanin 'yan jajayen riguna da 'yan farare, babu wanda ya ci wani, lokaci kuma ya ja. Alƙali yana gudu yana haki, usur a bakinsa, ya ɗaga hannu ya duba agogo. Lambobin suka narke suka haɗe. Ya ƙara matsar da hannun, ba su fito ba. Ya miƙe shi gaba ɗaya kamar mai nuna hanya, ya sake wani dogon numfashi na takaici, usur ɗin da ke bakinsa kuwa ya yi 'yar ƙara.

'Yan bayan farare suka ji usur, suka ga hannu a miƙe, suka tsaya cak, sun ɗauka bugun tazara aka ba su. Ɗan gaban jajaye bai ji komai ba, ya wuce ta tsakaninsu ya zuba ƙwallo a raga.

Fili ya kaure. Jajaye suna murna, farare sun yo kansa. Dogo, mataimakinsa mai riƙe tuta, wanda suka daɗe suna aiki tare, ya rugo daga gefen layi.

"Me ka hura?"

"Ban hura komai ba. Agogo nake dubawa."

"Agogo? Daga can?"

"Dogo, saura minti nawa?"

Dogo ya dube shi, ya dubi agogon da ke hannunsa, ya gane. Ya gaya masa a hankali yadda ba wanda zai ji. Alƙali ya kira kyaftin biyu, ya ce usur ya yi ƙara, don haka wasa ya tsaya kafin ƙwallo ta shiga, ba ci, kuskuren kuma nasa ne. Ranar ya sha zagi daga ɓangarori biyu a lokaci guda, abin da bai taɓa samu ba.

Da ya koma gida ya ba matarsa labari yana cire takalmi. Ta yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta kasa, har sai da ta cire tabarau ta goge hawaye da bakin zani.

"To me zan ce? Hannunka ne ya gajarce. Ko mu nemo maka ƙari a shago, ko mu je wajen likitan ido."

Suka je. Likitar yarinya ce, ba ta fi 'yan biyunsu da yawa ba. Ta zaunar da shi a wata doguwar kujera, ta kashe fitila, ta nuna masa allon haruffa a bango. Ya karanta da ƙarfi kamar mai jiran tafi, har ya zo layin ƙasa, inda ya kira wani harafi da sunan wani. Sai ta miƙo masa ɗan kati ya riƙe a gaban ƙirjinsa. Nan ya kasa karanta ko layi ɗaya.

"Ba ciwo ba ne, Baba," in ji ta. "A cikin ido akwai wani ɗan abu mai laushi da yake lanƙwasawa in za ka duba kusa. In shekaru suka ja sai ya yi tauri, ya daina lanƙwasawa sosai. Kowa yana zuwa nan in ya yi tsawon rai."

"Na nesa fa? Shi ai lafiyarsa lau."

"Yana da kyau ƙwarai. Amma shi ma yana son ɗan taimako kaɗan."

Ba maganar idon ce ta tsaya masa a rai ba. A hanyar komawa ya ce wa matarsa, "Kin ji fa, wai Baba."

"To da me za ta ce maka? Yaya?"

Tabarau ɗin da aka yi masa gilashi ɗaya ne amma aiki uku yake yi: sama na nesa, ƙasa na kusa, tsakiya kuma na abin da ke tsakani. Likita ta ce kansa zai riƙa juyawa ba ƙwayar ido kaɗai ba, ya nuna abu da hancinsa in yana son ganinsa sosai. Ranar farko da ya fito da shi, matakalar gidansu ta zama kamar ruwa. Ya ɗaga ƙafa zai taka inda babu komai, ya damƙi ƙarfen gefe. A shago ya hau tsani zai sauko da gwangwanin fenti, da ya dubi ƙasa sai ya ga siminti ya taso yana neman gwiwarsa. Ya tsaya a sama har yayansa ya zo ya riƙe tsanin.

"Sunkuyar da kai gaba ɗaya," in ji Yaya. "Kada ka leƙa ta ƙasan gilashin. Sannu da zuwa, ƙanena."

Kwanakin farko kansa yakan yi ciwo da yamma, sai ya cire tabarau ya jefa a aljihu. Maman 'Yan Biyu ta ce in yana cirewa yana mayarwa ba zai taɓa sabawa ba. Ta saya masa ɗan ƙyallen gogewa, ta hana shi gogewa da gefen riga, ta koya masa ya riƙa cirewa da hannu biyu. Ya zauna a kansa sau ɗaya, ya neme shi ko'ina a gida sau ɗaya alhali yana bisa goshinsa. Ita kuwa ba ta taɓa ɗauke masa ta ɓoye ba, kuma ta tabbatar ya lura da hakan.

A hankali ƙasa ta daina motsi. Sai kuma abubuwa suka fara dawowa, waɗanda bai ma san sun tafi ba. Ya ga zaren jikin rigarsa. Ya ga ashe farcensa ba ya fita tas in ya wanke hannu. Ya tsaya gaban madubi ya ga furfurar da ke gemunsa ta ninka yadda yake zato. Wata safiya suna shan shayi ya ɗago ya dubi matarsa daga kusa, ya daɗe yana kallo.

"Lafiya?"

"Yaushe kika samu wannan ɗan tabon a gefen ido?"

"Mai ne ya fantsamo mini, tun bara. Na gaya maka, ka duba ka ce ba ka ga komai ba."

Ya kai yatsa ya taɓa wurin. "Ashe da gaske ban gani ba."

"Yanzu ka gani, sai ka biya diyya," ta ce, ta tura masa kofinta ya ƙara mata shayi.

A shago da gida tabarau ya zauna daram. A fili ne ya ƙi. Gumi yana zubowa sai ya zame zuwa ƙarshen hanci. Ya ɗaure shi da roba ta bayan kai, 'yan kallo suka samu abin waƙa. In ya juya da sauri, gefen fili sai ya lanƙwashe, in ya kalli ƙwallo a ƙafar ɗan wasa ta ƙasan gilashi sai ta zama dusu-dusu. A wasa na biyu wani ɗan baya ya sharara ƙwallo ta same shi a kunci, tabarau ya yi tsalle ya faɗi cikin ciyawa, ƙafarsa ɗaya ta karkace. Aka tsayar da wasa, 'yan wasa suna taya shi nema.

Da yamma ya wanke usur ɗin, ya shanya, ya sa a aljihun tebur.

"Ina ganin lokaci ya yi," ya ce. "Akwai yara masu tasowa."

Maman 'Yan Biyu tana yankan albasa, ba ta ɗago ba. "Ƙafarka ta gaji?"

"A'a."

"Numfashinka?"

"Har yanzu ina tsere wa Dogo."

"To in ka bari saboda ka ƙoshi, ka bari, ni ma in huta da wankin safa. Amma in saboda gilashi ne, ka koma wajen 'yarka likita. Ba kai ne farkon mai gudu da ya tsufa ba."

Ya koma don a gyara ƙafar tabarau, a nan ya faɗa wa likita damuwarsa. Ta ce akwai kontak, wani ɗan gilashi mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Ta buɗe wani ɗan ƙoƙo ta nuna masa a kan yatsarta. Kamar ɓawon albasa ne da aka jiƙa, da ƙyar ake ganinsa. Ta sa ya haɗa hannuwansa ya bar 'yar kafa, ya leƙa marikin ƙofa ta ciki, ya rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ta ce idonsa na dama shi ne shugaba, shi za a bar wa nesa, na hagu kuma a ba shi kusa.

"Ido ɗaya yana can, ɗaya yana nan? Ba zan haukace ba?"

"Ƙwaƙwalwa tana koyon zaɓa da kanta. Wasu suna sabawa, wasu ba sa sabawa. In bai karɓe ka ba akwai wani iri, sai mu gwada shi."

Sakawar ce ta zama yaƙi. Mutumin da ƙato ya sha tsayawa a gabansa yana huci bai ja da baya ba, sai ga shi yatsarsa ta gagare shi. Da zarar ta doso, ido ya rufe ruf. Kontak ya manne a gashin ido, ya faɗo kan kunci, ya naɗe kamar tabarma. A asibiti da taimakon likita ya samu ya shiga, ya fita, ya sake shiga, amma washegari a gida abin ya dawo sabo. Ya tsaya gaban madubin banɗaki, hawaye na zuba, bakinsa a buɗe.

"Rufe bakin, ba ta nan zai shiga ba," in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Zo ki saka mini."

"Ba zan saka ba. A fili wa zai saka maka, Dogo?" Ta matso ta tsaya a bayansa. "Ka wanke hannun da sabulu? To goge shi da tawul mara gashi. Toshe ramin ruwan nan tukuna, in ya faɗa ya tafi ke nan. Riƙe fatar sama da wannan hannun, ja ta ƙasa da wannan yatsar. Kada ka kalli yatsar. Kalle ni a madubi."

Ya kalle ta. Tana tsaye da rigar aiki, ta ɗan karkata kai, tana kallonsa ta saman tabarau. Wani sanyi ya taɓa idonsa, ya ƙifta, shi ke nan.

"Ya shiga?"

"Ni za ka tambaya?"

Bai kai shi fili nan da nan ba. Ya fara da yawo a unguwa da yamma. Da farko ji yake kamar ana jan kansa gefe biyu, fitilun motoci kuma suna da ɗan gemu. Ya gwada cafe lemo da matarsa take jefo masa daga ƙofar kicin, na farko ya doke shi a ƙirji. Ya gwada sakawa a shago, ƙurar siminti ta sa ya wuni yana ƙifce-ƙifce kamar mai yi wa kwastomomi inkiya, har wata mata da ta zo sayen makulli ta harare shi. Daga ranar ya raba musu aiki: tabarau na shago da gida da tuƙi, kontak na fili. Likita ta ba shi ruwan ɗigawa saboda bushewa, ta ja masa kunne kada ya wanke shi da ruwan famfo, kada kuma ya kuskura ya yi barci da shi.

Wata yamma yana zaune a benci bakin filin makaranta yana kallon atisaye, ya duba agogo, ya ɗago ya bi ƙwallo da ido har ta sauka a ɗaya gefen. Sai da aka jima ya tuna bai lura da wane ido ya yi wane aiki ba. Ya kira mai tsara wasanni ya ce a sa sunansa.

Wasan da ya dawo da shi na 'yan mata ne, na kusa da ƙarshe a gasar makarantu. An fara da rana, amma kafin hutun rabin lokaci hadari ya haɗo, bayan an dawo kuma ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ba tsawa, fili kuma bai cika ba, don haka ya bar wasa ya ci gaba. Yaran suna zamewa suna tashi suna dariya, taɓo har gira. Shi kuma yana gudu a tsakiyarsu, ruwa yana dukan fuskarsa, babu abin da zai goge, babu abin da zai tura sama da yatsa. Ya ga hannun da ya taɓa ƙwallo a cikin da'ira, ya hura, ya nuna fenariti. Mai laifin ta buɗe baki za ta yi musu, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ya ciro ɗan katinsa ya rubuta lambarta a ƙarƙashin tafin hannu don kada ya jiƙe, ya kuma ga abin da ya rubuta.

Bayan an tashi suka fake shi da Dogo a barandar wani aji, suna matse riguna. Dogo ya yi ta leƙen idonsa.

"Wai yana ciki yanzu haka?"

"Yana ciki."

"Ba ya zagayawa bayan ido ya shige ƙwaƙwalwa?"

"Na tambaya. An ce babu hanya."

Dogo ya murza tutarsa. "Ni fa kwanan nan in zan karanta takardar magani sai na ba matata."

"Zo gida ranar hutu mu yi magana. Amma ka fara zuwa a auna ka."

"Ni dai gilashi zan saka. Ba mai taɓa mini ido."

"Ni ma da farko haka na ce."

Kafin ya isa gida ruwa ya ɗauke. Maman 'Yan Biyu ta riga shi dawowa, ta tare shi a ƙofa da tawul, ta ce kada ya shigo mata da takalmin nan. Ya ba ta labarin wasan tun daga farko, har da yadda mai tsaron gida ta kusa kaɗe fenaritin. Ya sauya kaya, ya ci abinci, ya miƙe a doguwar kujera ya ɗora ƙafafu bisa matashi. Taga a buɗe take, iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana shigowa, yaran maƙwabta suna tsalle a kududdufi. Yana cikin bayanin yadda zai tsara wasan ƙarshe in an ba shi, maganar ta fara yankewa.

Ta taɓa ƙafarsa.

"Alƙali. Tashi ka cire idonka kafin ka yi barci."

"Ba barci nake ba."

"Na ji. Tashi."

Ya tashi yana miƙa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya nufi banɗaki. Ta ji ya buɗe famfo yana wanke hannu, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Can ya ɗaga murya.

"Maman 'Yan Biyu, in an ba ni wasan ƙarshe za ki zo?"

"In ba ranar aikina ba ce."

"In ranar aikinki ce fa?"

"Sai in nemi musanya," ta ce, ta ci gaba da kwashe kwanuka.